Me Ya Sa Hanyar Dogo Daga Kano Zuwa Maiduguri Take Bi Ta Kafanchan?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ba a cika taɓo shi ba idan ana maganar jirgin ƙasa. Yawancin abin da ake rubutawa game da dogo bai wuce kuɗin kwangila da bashi da ranar ƙaddamarwa ba, alhali abin da ya dami fasinja shi ne ta inda jirgin zai bi, da lokacin da zai tashi, da yadda zai ci gaba da tafiyarsa bayan ya sauka. Duk wanda ya nemi amsar waɗannan a taswirar dogonmu da jadawalinsa zai ci karo da abubuwa masu ɗaure kai. A ganina kusan kowannensu yana da dalili, sai dai ba a taɓa zama an yi wa matafiyi bayani ba, kuma rashin bayanin ne ke sa mutane su ɗauka cewa lamarin jirgi sa'a ce kawai.

Bari in fara da Kano da Maiduguri. A mota tazarar da ke tsakaninsu kimanin kilomita 600 ce, kuma gabas kawai mutum zai miƙa. A tsohon layin dogo kuwa, a zamanin da yake aiki, sai matafiyi ya juya wa Borno baya ya nufi kudu, ya wuce Zariya ya sauka Kaduna, daga nan ya kama layin Kafanchan, ya hau tsaunukan Filato har Kuru da ke kusa da Bukur, sannan ya gangara Bauchi da Gombe kafin ya isa Maiduguri. Tafiyar ta haura kilomita 1,000. Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne akwai layin da ya fita daga Kano ya nufi arewa maso gabas, wanda kowa zai zaci shi ne hanyar Borno, amma da ya kai Nguru a 1930 sai ya tsaya cik, bai ƙara ko taku ɗaya ba har yau. Lokacin da aka tashi kai dogo Maiduguri, da rancen da Bankin Duniya ya bayar a 1958, sai aka ɗauko shi daga Kuru, aka kuma kammala a 1964.

Dalilin bai ɓuya ba ga wanda ya san abin da aka shimfiɗa dogon dominsa. Turawan mulkin mallaka ba su zana layukan nan don Bakano ya ziyarci ɗan'uwansa a Yerwa ba, sun zana su ne don kaya su isa bakin ruwa. Layin da ya fara isowa Kano a 1911 ma ba daga Legas ya taso ba, daga Baro ya taso, wani gari a gaɓar kogin Kwara, domin tunanin gwamnatin Arewa ta lokacin shi ne a sauke kaya a can a zuba su cikin jiragen ruwa. Masu masaƙun Ingila ne suka fi matsa lamba a yi aikin, suna hangen auduga, sai manoman ƙasar Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, har ta kai ga jirgi ya kasa kwashe ta a kan kari, buhuna suka yi ta taruwa suka zama dalar gyaɗa da muke alfahari da hotunanta. Layin Legas ya haɗu da na Baro a Minna a 1912, kuma kafin a gama gadar Jebba a jirgin fito ake tsallakar da taragai. Da gadar ta samu, sai Baro wadda ta kasance mafarin hanya ta koma reshe, daga baya ma aka yi watsi da ita. Haka layin gabas ya taso daga Fatakwal saboda kwal ɗin Inugu a 1916, ya haɗe da Kaduna ta Kafanchan, duk da cewa gadar Makurɗi ba ta samu ba sai a 1932. Layuka biyu ne ke nan, kowanne ya taso daga teku ya yi arewa, babu wanda aka yi don ya ratsa ƙasar daga yamma zuwa gabas. Kakanninmu da aka tilasta wa aikin diga sun haƙa hanyar da ba don zirga-zirgarsu aka tsara ta ba.

Da wannan ma'auni sauran abubuwan mamakin suke warwarewa. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaurar Namoda a 1929, domin ya riga ya kai ga audugar da gyaɗar da ake nema, saboda haka Sakkwato, duk da matsayinta, ba ta taɓa jin kukan jirgi ba. Birnin Katsina ma haka, ko da yake Funtuwa da ke ƙasar Katsina tana da tasha tun wancan zamani. Akwai kuma ƙaramin layin da aka yi wa laƙabi da na Bauchi, wanda bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Daga Zariya ya tashi zuwa Jos da Bukur don kwaso kuza, a lokacin da tsaunukan suke cikin lardin Bauchi, kuma faɗinsa milimita 762 ne kawai, don haka dole a sauke kaya a Zariya a sake lodinsu a babban jirgi. An rufe shi a 1957, kuma tun daga ranar duk mai son zuwa Jos daga Zariya a jirgi sai ya zagaya ta Kaduna da Kafanchan.

Da a ce wannan tarihi ne kawai, da ban dame ka da shi ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sababbin layukan ma sun zo da nasu ɗaurin kan. Muna da layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a Yulin 2016, da na Itakpe zuwa Warri da aka ƙaddamar a 2020, da na Legas zuwa Ibadan a 2021. Dukkansu faɗinsu ɗaya ne, milimita 1,435, amma babu ɗaya da ya taɓa ɗan'uwansa. Tsohon layin da ya kamata ya haɗa su kuwa faɗinsa milimita 1,067 ne, wato taragon da ya taso daga tashar Idu ta Abuja ba zai iya hawa dogon da ke zuwa Zariya ba ko da sun yi kafaɗa da kafaɗa a Kaduna. Wanda ya taso daga Warri zai zo Abuja zai sauka a Itakpe, kusa da Okene a jihar Kogi, ya nemi mota ta bi da shi ta Lokoja. Ba don Itakpe matattarar fasinjoji ce layin ya ƙare a nan ba, sai don tun 1987 da aka fara aikin, tamar ƙarfe aka yi niyyar ɗauka daga ma'adinan wurin zuwa masana'antun ƙarfe na Ajakuta da Aladja. Tsohon layin Legas zuwa Kano, mai tsawon fiye da kilomita 1,100, wanda aka farfaɗo da jigilar fasinja a kansa a Disambar 2012, ta Ilori da Jebba da Zungeru da Minna yake bi, bai san da zaman Abuja ba, domin ya girme ta da shekaru masu yawa. Sakamakon haka babban birnin tarayya ba shi da hanyar jirgi kai tsaye zuwa birnin kasuwanci mafi girma a kudu, ko mafi girma a arewa.

Sai batun tashoshi. Jirgin da ake kira na Abuja zuwa Kaduna a zahiri daga Idu yake tashi ya tsaya a Rigasa, na Ibadan kuma a Moniya yake sauke mutane, kuma duk waɗannan wurare a gefen gari suke. Ba na ganin laifin injiniyoyi a nan. Layin da ake so jirgi ya yi gudu a kansa yana buƙatar fili mai faɗi da kwana mai sauƙi, kuma ratsa tsakiyar gari yana nufin rusau da diyya mai yawa. Tsofaffin tashoshin ma a wajen ganuwa aka kafa su, garin ne ya bi su daga baya, kamar yadda Sabon Garin Zariya da Kafanchan da ita kanta Kaduna suka bunƙasa a gindin reluwe. Abin da nake cewa shi ne lokacin da aka rubuta a jadawali na tsakanin tasha da tasha ne, ba na tsakanin gida da gida ba, kuma mai fitowa daga Kawo ko Nyanya ya san cewa isa tashar kaɗai wata tafiya ce mai zaman kanta. Akwai jirgin cikin gari da ya haɗa Idu da filin jirgin sama da tsakiyar Abuja, wanda aka buɗe a 2018, aka dakatar a 2020, aka sake buɗewa a 2024, amma amfaninsa ga ɗan Kaduna ya rataya ne a kan ko lokacin tashinsa ya dace da saukar babban jirgi. Ga kuma sunaye: an raɗa wa tashoshin kudu sunayen manyan mutane, ta Abeokuta ta zama Wole Soyinka, ta Moniya ta zama Obafemi Awolowo, ta Ebute Metta ta zama Mobolaji Johnson, ta Agbor ta zama Goodluck Jonathan. Karramawa ce da ta dace, amma ɗan kasuwar da ya zo daga Gusau sunan gari yake nema a jikin tikiti.

Akwai wani abu da fasinjoji ke yawan gunaguni a kansa, wato jirgi ya tsaya a wata ƙaramar tasha a daji, ba mai hawa ba mai sauka, a yi ta zama. Sau da yawa ba lalacewa ya yi ba. Layin Abuja zuwa Kaduna tilo ne, saɓanin na Legas zuwa Ibadan da aka shimfiɗa biyu, kuma a layi tilo jirage biyu masu fuskantar juna ba sa iya wucewa sai a tashar da aka yi wa wurin kaucewa. Mai tsara jadawali yakan ƙayyade tashar da za su haɗu, to idan ɗaya ya makara da minti ashirin, dole ɗayan ya jira shi minti ashirin ko da shi ya fito a kan lokaci. Bugu da ƙari, taragan da suka kawo mutane su ne za su juya su koma da wasu, saboda haka jinkirin safe yakan bi jirgi har yamma. Wannan ne kuma ya sa ba a iya ƙara yawan jirage yadda aka ga dama a ranakun sallah, domin yawan wuraren kaucewa ne ke yanke adadin jiragen da layi zai ɗauka, ba yawan masu neman tikiti ba. Sanarwa ta jimla biyu daga bakin ma'aikaci, da Hausa da Turanci, za ta kashe rabin jita-jitar da ke tashi a cikin tarago a irin wannan tsayuwa, musamman ga mutanen da ba su manta da harin da aka kai wa jirgin wannan layi a ranar 28 ga Maris 2022 ba.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke da irin waɗannan abubuwa. A Rasha, har zuwa Agustan 2018, da agogon Mosko ake rubuta jadawalin jiragen dogon zango a duk faɗin ƙasar, ta yadda mutumin Vladivostok sai ya ƙara awa bakwai a kan abin da ke jikin tikitinsa kafin ya san lokacin fita daga gida. A Ingila akwai layukan da ake tura musu jirgi ɗaya a mako don kawai a kauce wa doguwar hanyar da doka ta shimfiɗa kafin a rufe layi, kuma tsakanin Stockport da Stalybridge an shafe shekaru jirgin yana zuwa ba ya dawowa da fasinja. A can ne kuma ake samun tikiti biyu na rabi da rabi su fi tikiti ɗaya na tafiyar gaba ɗaya araha, a jirgi guda kuma a kujera guda. A Jamus jirgin da bai kai minti shida da makara ba ana lissafa shi cikin masu zuwa a kan lokaci, wanda aka soke ɗungurungum kuwa ba ya shiga lissafin. Bambancinmu da su shi ne nasu a rubuce yake, mai son sani zai bincika ya gani.

Wannan ya kawo ni ga manhajojin waya masu tsara wa mutum tafiya. Mutane da yawa suna zaton manhajar taswira ta san komai, alhali ba ta san motsin jirgi ba sai abin da masu jirgin suka ba ta. Akwai wani tsari na bai ɗaya da kamfanin Google da hukumar sufurin birnin Portland na Amurka suka fito da shi a 2005, wanda a cikinsa ake jera sunayen tashoshi da inda suke a taswira, da kowace tafiya, da lokacin isa da na tashi, da ranakun da jirgi ke aiki. Daga wannan jeri ne kwamfuta ke lissafa hanya. Idan ba a ba ta ba, sai ta nuna layin dogo a zane amma ta ce wa mutum ya hau mota. Idan an ba ta tsoho, sai ta aika shi tasha neman jirgin da aka daina. Ko inda bayanan suka cika, manhajar tana da nata halin: an gindaya mata mafi ƙarancin mintunan da mutum ke buƙata don canja jirgi a kowace tasha, saboda haka idan tazarar ta gaza da minti ɗaya sai ta ɓoye wannan haɗin gaba ɗaya ta ba da wanda ya fi shi tsawo da awa guda, wani lokaci ma ta ce a koma baya tasha ɗaya don a tari jirgi mai sauri. Shafin sayar da tikiti ta intanet, irin wanda aka fara a layin Kaduna a farkon 2021, ci gaba ne, amma aikinsa daban ne: yana sayar wa wanda ya riga ya san jirgin da yake so, ba ya gaya wa baƙo yadda zai haɗa tafiya daga Zariya zuwa Warri.

Akwai kuma wani tarko da ya shafe mu musamman, wanda ya kamata a lura da shi tun kafin jiragen dare su yawaita. A jadawali rana tana farawa ne da ƙarfe goma sha biyun dare, a lissafinmu na gargajiya da na addini kuwa dare ne ke gaba da yini. Jirgin da aka rubuta zai tashi ranar Juma'a da ƙarfe 22:00, a bakin dattijo jirgin daren Asabar ne, wanda kuma aka ce masa ya zo daren Juma'a zai iya bayyana a tasha tun ranar Alhamis bayan isha'i. Masu tsara bayanan kwamfuta ma sun san matsalar tsakar dare, shi ya sa a tsarin da na ambata ake rubuta ƙarfe ɗaya da rabi na dare a matsayin 25:30, don tafiyar ta zauna a ranar da ta fara. Jadawalin da za a rubuta da Hausa dole ya ambaci kwanan wata da sunan rana, ya kuma fayyace ko da safe ne ko da yamma ko da dare.

Ƙasar da na ga ta fi kowa kama bakin zaren ita ce Suwizalan. Tun 1982 jiragenta suke tashi a minti iri ɗaya na kowace awa, ta yadda mutum zai haddace jadawalin garinsu ba tare da takarda ba, kuma a manyan mahaɗu jirage sukan iso gab da cikar awa ko rabinta, su tashi jim kaɗan bayan haka, kowa ya samu canji. Abin koyi a wurinsu shi ne jadawali suke fara zanawa, sannan su gina dogon da zai cika shi. Sabon layin da suka buɗe a 2004 tsakanin Zurik da Bern an yi shi ne don tafiyar ta sauko ƙasa da awa ɗaya, domin abin da haɗin jirage ke buƙata ke nan, ba su nemi gudun da ya wuce haka ba. Mu kuwa mun saba a gama gini, a yanka ƙyalle, sannan a zauna tunanin ƙarfe nawa jirgi zai tashi.

Lokacin gyara wannan ɗabi'a bai wuce ba, domin ana kan aikin layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse, kuma dukkansu an aza harsashinsu a 2021. Agogon Najeriya da na Nijar ɗaya ne, wannan sauƙi ne, amma binciken takardu da na kwastan a kan iyaka lokaci ne da dole a sa shi cikin jadawali tun farko. Akwai kuma batun faɗin dogo. Layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, mai kimanin kilomita 140, faɗinsa mita ɗaya ne, irin na Jamhuriyar Benin da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku, kuma bai kai ga fara jigilar yau da kullum ba. Wanda zai shiga Maraɗi kuwa milimita 1,435 ne. Ke nan ranar da aka yi niyyar haɗa Maraɗi da Yamai, za a tarar da irin matsalar da Zariya ta yi fama da ita a zamanin jirgin kuza. Ta gabas ma haka ne, domin layin Kamaru da ya kai Ngaundare a 1974 shi ma mita ɗaya ne. A cikin gida kuma, gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon gina nasu layukan, abin da ke nufin masu gudanar da jirage za su ƙaru, kowa da nasa jadawalin, idan ba a ɗaure su da ƙa'ida ɗaya ba.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Sufuri da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya su fitar da jadawali guda na ƙasa baki ɗaya, mai ɗauke da ranar da ya fara aiki da ranar da zai ƙare, a manna shi a kowace tasha, a buga shi a jaridu, a kuma karanta shi a rediyo da harsunan da fasinjoji ke ji. A rubuta sunan gari kusa da sunan wanda aka karrama a kowane allo da kowane tikiti. A saki bayanan a tsarin da manhajoji ke karantawa, a bar matasanmu masu ilimin kwamfuta su gina abin da zai haɗa jirgi da motocin da ke jiran fasinja a Rigasa da Itakpe da Moniya, domin wannan bai kai kuɗin tarago ɗaya ba. Abin da na fi so a yi tun yanzu, kafin a gama shimfiɗa dogon Kano, shi ne a bayyana wa jama'a ko jirgin da ya taso daga Idu zai zarce har Kano ne ko sai an canja a Rigasa, idan kuma za a canja, minti nawa za a jira, sannan ko mai zuwa Katsina da Maraɗi zai sami jirginsa a ranar ko sai ya kwana a Kano.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Sabon Garin Zariya